Ashe Kasuwa Ce Kwance a Ɗakin Shirginmu

Jama'a, ku matso ku ji abin da na gano! Ɗakin nan na ƙuryar gida, wanda kowa ke jefa wa abin da ya gaji da shi, a danna masa kwaɗo a ce "a bari, wata rana zai yi amfani", wallahi kuɗi ne muke kwana da su muna kukan babu. Mun buɗe namu a Tudun Wadar Gusau, mun zube komai a tsakar gida, mun yi wa kowane abu kuɗi, kafin a kira magariba ɗaki ya zama fayau. Da kuɗin da ya fito daga cikinsa aka shafe bangonsa, aka shimfiɗa masa sabuwar leda, aka sayi katifa, har aka yi cefane da ragowar. Tun ranar bakina bai huta ba, duk wadda na haɗu da ita a gidan biki ko a layin awo sai ta sha labari.

Larura ce ta kai mu. Gwaggon maigidana da jikokinta sun baro ƙauyensu na yankin Tsafe saboda 'yan bindiga, yadda ɗimbin mutanen karkara suka kwararo Gusau a 'yan shekarun nan. Ɗaki ɗaya ya rage a gidan, shi kuwa cike yake maƙil har rufi. Da aka ɓalle kwaɗon, abin da ido ya gani ya fi ƙarfin lissafi: gadon ƙarfe mai rumfa na surukata Hajiya, keken ɗinki Butterfly, talabijin mai ƙeya, bidiyo da buhun kaset, janareta da ya daɗe da mutuwa, fanka maras fiffike ɗaya, risho, fitilun ƙwai, akwatunan ƙarfe, adudu, kujerun roba masu karyayyun ƙafafu, keken yara, tsohon batirin mota, tulin atamfofi, sai kuma kwanuka! Samira, fanteka, langa, kumbo, tasoshi, jeren aure na mata uku a gida ɗaya.

Ƙanen maigidana, wanda ya yi karatu a waje, shi ya fara kawo shawara. Ya ce a Amurka abin nan ba komai ba ne: ranar Asabar mutum zai fito da kayan da ya daina amfani da su, ya jera a ƙofar garejinsa, ya manna wa kowanne takardar farashi, maƙwabta su zo su zaɓa. Ya ce akwai ma wata hanya mai lamba 127 da ake cin irin wannan kasuwa a gefenta kowane watan Agusta tun 1987, kasuwar ta kai tsawon mil 690, daga jihar Mishigan har Alabama. A Ingila kuma bayan mota ake cikawa a tafi fili a buɗe. Hajiya ta saurare shi har ya dire, sannan ta ce, "To ɗan boko, kayan aurena za ka baza a bakin titi? Gobe a ce mun talauce, ko a ce ina raye ana rabon gadona?"

Nan fa gizo ke saƙar. Mai saye bai taɓa yi mana wuya ba a garin nan, kunya ce ke rufe ɗakunan shirgi. Gwaggo ce ta warware mana, tana zaune a tabarma tana ɓare gyaɗa. Ta ce, "Mi kuke wahalar da kanku? Ku kira dillaliya." Ashe abin da Turawa ke yi a bakin gareji, matanmu sun daɗe suna yi a cikin lulluɓi. Dillaliya ta ɗauki zanenki ko kwanonki a ƙunshi, ta shiga gida ta fita gida, ta sayar, ta cire la'adarta, ta kawo miki kuɗinki, wadda ta saya ba ta san daga ɗakin wa ya fito ba. Sai muka haɗa dabarun biyu: za a yi kasuwar a rana ɗaya, amma a cikin gida, kuma dillaliya ce za ta riƙe ragama. Hajiya ta ce in haka ne ta yarda.

Wadda aka kira mana 'yar Bunguɗu ce, dattijuwa mai kaifin ido, muna ce mata Inna. Motar haya take biyowa ta hanyar Sakkwato da ƙunshinta, kuma daga Nahuce har Kwatarkwashi babu uwar da ke shirin aurar da ɗiya da ba ta sani ba. Ta ce ko a 2021, lokacin da gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya a Zamfara, ƙunshinta bai kwana a rataye ba, domin kasuwarta a ƙafarta take.

Kallon Inna tana duba kaya makaranta ce. Ta ɗauki fanteka, ta ƙwanƙwasa gindinta da farce, ta kara a kunne. Ta ɗaga ta saitin rana tana neman ɗigon haske, domin huda komai ƙanƙantarta ba ta ɓuya ga rana. Ta shafa baki ta ji inda fenti ya ɓare, ta gwada murfi ta ga ko nata ne ko na aro. Wadda ta yi ƙara tangaran ta ajiye dama, wadda ta yi ƙara a dushe ta ajiye hagu. Atamfa kuwa sai ta warware ta, ta sunsuna, ta murza gefe tsakanin yatsu, ta duba layin ninki ko ya ci. Ta ɗaga wata tsohuwar holan ta Hajiya ta ce, "Wagga ko yau aka ɗinka ta sai an tambayi inda aka saye."

Sai ta ba ni karatun da ya buɗe mini ido. Ta ce, "Ɗiyata, kowane kaya kuɗi ukku gare shi. Akwai kuɗin sabo a kasuwa yau, akwai abin da zan iya karɓo miki a gidajen mutane, akwai kuɗin sikeli. Ki san na sama, ki san na ƙasa, sannan ki tsaya a tsakiya ki yi ciniki da kwanciyar rai." Na tambaye ta, abin da aka saye shi da can fa? Ta kwashe da dariya ta ce wancan kuɗin ya bi ruwa, mai saye ba ruwanta da shi.

Na ɗauki littafi da biro na nufi kasuwa neman kuɗin sama. Na zaga rumfunan 'yan kwanuka da 'yan roba a Kasuwar Tudun Wada, na leƙa masu kekunan ɗinki, ina tambaya ina rubutawa. Nan na kusa zama a ƙasa! Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta zube, kuɗin sabon kaya ya yi tashin gwauron zabo. Rabin kuɗin sabon keken ɗinki a yau ya ninka abin da Hajiya ta ce an biya a nata. Tukunyar da ni kaina na saya lokacin aurena, ko kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sabuwarta na karɓa, na ci riba a kan takarda. Duk wanda ya yi wa tsohon kaya kuɗi da tunanin farashin jiya, kyauta ya bayar bai sani ba. Ga kuma wani abin: sabon na yanzu sau da yawa bai kai tsohon nauyi ba. Ɗauki kwanon samira na zamanin da ki ɗauki na yau, hannunki zai faɗa miki. Hajiya ta ce nata na uwarta ne, daga kantunan da suka cika Gusau bayan layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa garin ya dire Ƙaurar Namoda a 1929, lokacin da auduga da gyaɗa ke fita, kwano da yadi ke shigowa.

Kuɗin ƙasa kuma wajen 'yan jari-bola yake. Muka tsayar da wani yaro mai kura, ya shigo zaure da sikelinsa mai ƙugiya da wani guntun maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar sifika. Ya manna shi jikin gadon Hajiya, ya kama caraf. Ya ce ƙarfe ne, kilonsa ne mafi araha. Ya manna wa tukunya, ya zame, alminiyum ke nan, ya fi ƙarfe kuɗi, masu ƙera tukwane ke narka shi. Ya manna wa wata baƙar tasa da muka ɗauka ta gama yayi, bai kama ba. Yaron ya kankare gindinta da ƙusa, sai ga ja-ja yana walƙiya, ya yi shiru ya saci kallonmu. Inna ta fizge tasar ta ce, "Tagulla ce, ajiye mini nan, ba ta sikeli ba ce." Janaretan da ya mutu da fanka maras fiffike, ashe wayar jan ƙarfen da ke naɗe a cikinsu ita ce dukiyar. Tun ranar na sa guntun maganaɗisu a jakata. Da zarar kin san abin da sikeli zai ba ki, babu mai taya miki ƙasa da haka ki saurare shi.

Batirin motar kaɗai maigida ya hana yara ko taɓawa, ya miƙa wa yaron kura shi a rufe yadda yake. Dalma ce a ciki. Mu a Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani ba: a 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Ba a fasa batir a gidan da yara ke rarrafe.

Daga nan muka kasa kaya kashi huɗu: na sayarwa, na sikeli, na sadaka, da wanda ba a taɓawa. Na huɗun nan shi ya fi cin lokaci, kuma shi ne ya hana rigima. Kayan ɗakin mace nata ne, miji ba ya sayarwa sai da yardarta, don haka kowane kwano sai da aka kira mai shi. Akwatin marigayi mahaifin maigida aka mayar gefe, domin akwai hakkin magada a ciki, sai an zauna an raba. Aka tarar da turmin maƙwabciya da aka ara tun wani suna, aka mayar mata tana ta salati. Takardun makaranta, takardar fili, allunan yara da littattafan addini duk aka keɓe. Kuma kafin akwati ko aljihu ya fita, sai an zazzage shi. A cikin wata tsohuwar jaka muka tsinci ɗan kunnen zinariya guda ɗaya da Hajiya ta haƙura da shi tun tuni. Shi wannan ba a sa shi cikin tari, wajen masu awon zinariya ake kai shi.

Sai wanki. Inna ta ce ƙura na cinye rabin kuɗin kaya. Aka sa toka da lemun tsami aka dirje tasoshi har suna ɗaukar ido, aka wanke atamfofi aka kai wa mai guga, aka zuba wa keken ɗinki mai aka sa masa sabuwar igiya da allura. Ƙananan kaya ba mu tsaya yi musu kuɗi ɗaya-ɗaya ba. Tabarmi uku muka shimfiɗa, ta naira 200, ta 500, da ta 1,000, duk abin da ke kan tabarma kuɗinsa ke nan. Manyan kaya kuwa Inna ta hana a manna musu takarda. Ta ce mutanenmu in ba su taya ba, ba sa jin sun yi ciniki, kuma in kin rubuta, daga nan za a fara ja ƙasa. A littafina kawai aka rubuta lamba biyu gaban kowane abu: inda za a fara, da inda ba za a sauka ƙasa da shi ba. Ƙa'idarta mai sauƙi ce. Mai lafiya sumul, a fara daga wajen kashi biyu cikin uku na kuɗin sabo, a sallama a rabi. Mai ɗan aibi, kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya mutu, sikeli. Ita kuma aka yanke la'adarta tun kafin a fara, a gaban Hajiya da Gwaggo, don kada a zo ana 'yar kallon-kallo da yamma.

Zaɓen rana ma ilimi ne. Muka ɗauki Asabar ta farko bayan an yi albashi, a cikin kaka, lokacin da manomi ya sayar da waken suya da masara, iyaye mata kuma ke haɗa kayan ɗakin 'ya'yansu. Aka ce a fara da hantsi, domin masu zuwa daga Tsafe ta hanyar Funtuwa da masu zuwa daga Bunguɗu duk suna son su koma gida da sauran rana, kowa ya san halin hanyoyinmu. Maigida ya je ya shaida wa mai unguwa. Ni na ɗauki hotuna na sa a WhatsApp, a zauren matan Islamiyyarmu da na dangi kawai, ban baza wa duniya adireshin gida ba. Inna kuwa ta riga ta raɗa wa waɗanda ta san suna nema. Kayan mata a tsakar gida, kayan maza a zaure wajen maigida da ƙanensa, ɗakunan kwana duk a kulle, kuɗi a hannun mutum ɗaya. Muka tanadi canji tun jajibiri, wanda ya ga wahalar takardun kuɗi a farkon 2023 ba ya wasa da canji.

Ranar kuwa, wayyo! Ko shara ba mu gama ba aka fara sallama. Kafin hantsi ya dubi ludayi tsakar gida ta cika da mayafai, ana ɗaga kwano ana ajiyewa, yara na rige-rigen keke. Wata mata daga Tsafe ta dafa keken ɗinki ta ƙi sakinsa. Ta zauna, ta ciro ƙyalle daga jakarta, ta taka, ɗinki ya fito a miƙe.

"Inna, nawa?"

"Taya, ɗiyata."

Ta taya. Inna ta kau da kai ta ce, "Albarka."

"Haba Inna, tsoho ne fa."

"Tsufan nan kike saye. Ɗaga kansa ki ji nauyi, ki je kasuwa ki ɗaga na yanzu."

Ta ƙara, aka ce albarka. Ta miƙe kamar za ta tafi, ta kai bakin zaure, ta dawo ta ƙara. Inna ta dube ni, na dubi littafi, mun haye lamba ta biyu da tazara. Na gyaɗa kai. "An sallama, Allah ya sa albarka." Wata daga gefe ta ce ita za ta ba da fiye da haka, Inna ta ce ciniki ya riga ya faɗa, ba a yin ciniki a kan cinikin wani. Haka kuma ba ta yarda a ɓoye aibi ba. Duk kwanon da ke yoyo sai ta nuna hudar da yatsa kafin a taya, ta ce kuɗin da aka karɓa da rufa-rufa ba ya zama a hannu, kuma gobe ita za ta sake shiga gidajen nan.

Abin mamaki shi ne wanda ya tashi da wanda ya kwanta. Gadon ƙarfe, wanda ƙanen maigida ya ce a ba 'yan sikeli, mata biyu suka yi ta ja-in-ja a kansa, domin ƙarfe ba ya jin gara. Tasoshin tagulla ko ƙasa ba su taɓa ba. Fitilun ƙwai da risho suka tafi, akwatunan ƙarfe suka tafi, kujerun roba masu karaya ma wani mai shayi ya kwashe zai ɗaure su da waya. Amma talabijin mai ƙeya, wanda a zamaninsa maƙwabta ke taruwa kallo, ko mai tayawa bai samu ba. Bidiyo da buhun kaset haka suka wuni, kowa ya ɗaga ya yi dariyar tuna baya ya ajiye, tunda fim ya koma cikin waya. Na lura abin da ke aiki ba tare da wutar lantarki ba shi ke riƙe darajarsa a garin nan.

A zaure an ɗan taɓa wasan kwaikwayo. Wani saurayi ya ɗauki rediyo ya nuna wa maigida hoton tura kuɗi a wayarsa. Maigida ya ba shi kujera ya ce ya zauna su jira kuɗin su shigo asusu. Aka jira, shiru. Saurayin ya ce bari ya je ya dawo, har yau yana dawowa. Kada kaya su fita sai kin ga kuɗi a naki asusun, ko a je wajen mai POS na bakin layi a karɓo a hannu.

Bayan la'asar Inna ta tafa hannu ta ce an karya farashi. Tabarmar 1,000 ta koma 500, ta 500 ta koma 200, ta 200 kuma a ɗauki uku a biya ɗaya. Sai ga wani sabon cincirindo. A nan ne Gwaggo ta matso ta yi mini raɗa, ta nuna mini wasu mata da ke tsaye daga baya-baya, suna ɗaga tukunya suna mayarwa ba sa tayawa. Ta san su, 'yan gudun hijira ne irinta, suna zaune a wani kango da ba a gama ginawa ba, sun fito daga gidajensu da kayan jikinsu kawai. Hajiya ta ce a ja su ɗaki a ba su kason sadaka a asirce, a ƙara musu da bokitai, tabarmi, tukwane da kayan yara. Shekara da shekaru muna tsallake waɗannan tukwane muna tsaki, alhali a bayan layinmu akwai mai neman abin da za ta dafa wa 'ya'yanta tuwo a ciki. Wannan kaɗai ya isa dalilin buɗe ɗakin shirgi ko ba a samu ko kwabo ba.

Dokar Inna ta ƙarshe ita ce mafi tsauri: abin da ya fito ba ya komawa. Yaron kura ya dawo ya auna sauran ƙarafa, ya haɗa da talabijin. Atamfofi biyu da ba su samu kuɗin da ya dace ba ta ɗaure a ƙunshinta, ta ce akwai mai biki a Bunguɗu. Aka zauna aka ƙirga kuɗi, kowace mai kaya aka ba ta nata bisa littafi, aka cire la'ada. Hajiya, wadda ta ce ba za a baza mata kayan aure ba, ita ce ta kira ni gefe tana tambaya ko tsofaffin kulolin da ke ƙarƙashin gadonta za su yi kuɗi.

Yanzu zance ya bazu a layinmu. Gidaje da dama sun ce a haɗa da su a karo na gaba, kowace da tabarmarta da littafinta, a tsakar gidan da ya fi faɗi, tunda in kaya sun yi yawa masu saye sun fi zuwa, kuma in kowa na sayarwa babu wadda za a nuna da baki. An tsayar da shawara sai bayan Babbar Sallah. Inna ta ce ta ji ta yarda, amma duk wadda ta zo mata da kwano ba a wanke ba, la'adarta ninki biyu ce.